Baƙo a Gidan Kakansa: Ɗalibin Ilimin Addini da Takardun Iyakar Jibiya

Gangara gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, kuma duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a nan ta fi kauri a kan taswira fiye da yadda take a ƙasa. Daga Magamar Jibiya mota kan tsallaka zuwa Ɗan Isa, daga nan ta miƙe zuwa Maraɗi, kuma tafiyar Katsina zuwa Maraɗi gaba ɗayanta ba ta cika kilomita 100 ba. Harshe ɗaya ake yi, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, ana bin mazhabar Malikiyya, kuma littattafan da ake bita a zaurukan malamai iri ɗaya ne, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala da Askari. Amma ranar da saurayin da ya tashi a wancan gefen ya ɗauki alƙalami zai cike takardar neman gurbin karatun addini a wata jami'a ta Katsina, sai ya tarar da sabon suna yana jiransa: ɗalibin ƙasar waje. Matsayinsa a idon ofishin ɗaukar ɗalibai ɗaya ne da na wanda ya fito daga Indunusiya.

Lissafin nisa kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. Ɗan garin Ɗan Isa da ke son digiri a fannin Shari'a ko Larabci ɗan gida ne a Jami'ar Musulunci da ke Sayi, kudu da Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 700 daga ƙofar gidansu. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Alƙalam, waɗanda zai iya isa cikinsu tsakanin hantsi da azahar, baƙo ne. Takwaransa na Gangara kuwa ɗan gida ne a Kalaba da Fatakwal, inda ba ya jin harshen kowa, sannan baƙo ne a kowace makaranta da ke arewa da shingen kwastan. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin wannan rabo bai auna ilimin ɗalibi, bai kuma tsare wata maslaha da ba za a iya tsarewa ta wata hanyar ba, kuma jami'o'in Katsina su ne suka fi cancanta su fara gyara shi.

Ba yau aka fara tafiya neman ilimin addini a wannan ƙasa ba, kuma magabata suna da nasu tsarin karɓar baƙon ɗalibi. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu masauki da makaranta a Alƙahira. Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari wanda nisbarsa ta nuna Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741 bayan ya yi karatu ya kuma koyar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta a 1754, wurin da a yau yake cikin Nijar, kuma ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Da a ce dokokin yau suna aiki a wancan zamani, da sai an tambaye shi fasfo kafin ya zauna a Degel. Abin da ɗalibi yake gabatarwa a lokacin shi ne sunan malamin da ya karantar da shi, da littafin da ya sauke a gabansa, da ijazar da ta haɗa shi da salsalar malamai. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin lissafa waɗanda ya ɗauki karatu daga gare su. Sabon malami kuma ba ya tsayawa a kan takarda: yakan buɗe littafi ya ce karanta, kuma a shafi biyu zai gane ko baƙon nasa ya ci sunansa.

Layin da ya raba Jibiya da Maraɗi ya zo daga baya ƙwarai. Ingila da Faransa sun fara shata shi a 1890 da abin da aka kira layin Sayi zuwa Barruwa, suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. (Abin lura ne cewa garin da aka ja layin farko daga gare shi shi ne mazaunin jami'ar da aka ambata a sama.) Maraɗi kuwa gari ne da zuriyar sarakunan Katsina suka kafa mulki a cikinsa bayan jihadi, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. William Miles ya nuna a littafinsa na 1994 a kan rabuwar ƙasar Hausa yadda ƙauyuka biyu maƙwabta a yankin Daura suka tashi da tarbiyyar mulki iri biyu. Abin da bai samu kulawar da ta kamata ba shi ne yadda wannan tarbiyya ta shiga cikin takardun makaranta, ta mai da su iyaka ta biyu wadda ta fi ta kwastan wuyar tsallakawa.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya fito daga makarantun Faranko-Arab na Nijar, tsarin da ya faro daga madarasar Sayi a 1957. Ya yi karatunsa da Larabci da Faransanci, ya ci jarrabawar Bakaloriya, yana iya i'irabin baitin Alfiyya ba tare da gargada ba. Jami'ar Nijeriya za ta nemi kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, Turanci a cikinsu, sannan ta nemi ya bi ta hukumar JAMB, wadda tun 1978 take riƙe da ƙofar shiga jami'a. Takardarsa ta Faransanci sai an fassara ta, an tantance ta, an nemo mata daidai a ma'aunin Nijeriya. Bayan haka akwai izinin zama, akwai kuma kuɗin makaranta, wanda a al'adar jami'o'i na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Kowane mataki shi kaɗai yana da hujjarsa. Idan aka tara su a kan ɗan manomin da ke sayar da gero da sefa, sai su zama katanga.

Sharaɗin Turanci shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne rashin dacewar ta fi fitowa fili. Mai neman karatun likitanci ko injiniya dole ya iya Turanci tun ranar farko, saboda da shi za a koyar da shi. Mai neman digirin Larabci fa? Littattafansa na asali da Larabci suke, malamansa da Larabci za su yi masa lacca a manyan darussa, kuma idan ya fita aiki da Hausa zai yi wa'azi, da ita zai yi fatawa, da ita zai sasanta ma'aurata. Gaskiya ne yana buƙatar Turanci domin darussan bai-ɗaya da karanta binciken zamani, kuma sassan nazarin addinin Musulunci da yawa suna koyarwa da shi. Sai dai buƙatar da za a iya biya a cikin shekara guda ta koyon harshe ba ta cancanci a mai da ita dalilin rufe ƙofa ba. Nijeriya ma ta san wannan dabara: ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri da na Larabci a Ngala domin ɗalibanta su yi shekarar nutso a cikin harshe. Abin da ta yarda da shi ga 'ya'yanta masu koyon harshen baƙi ba zai gagare ta ba ga maƙwabcin da yake son koyon nata harshen aiki.

Ta ɗaya gefen ma labarin bai canza ba. Ɗan Gangara da ya kammala sakandaren Larabci ya riƙe takardar hukumar NBAIS yana iya sha'awar Sayi, jami'ar da ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke shawarar kafawa a taronta na Lahor a 1974 tare da takwararta ta Uganda, ta kuma fara aiki a 1986. Larabci ne harshen koyarwa a fannonin addini, don haka shigarsa ta fi sauƙi. Wahalarsa tana jiransa ne a dawowa. Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance digirinsa kafin ya yi hidimar ƙasa, kuma tun Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da karɓar digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ake sayen takarda a Kwatano, duk wata shaida da ta fito daga maƙwabta ta shiga cikin zargi. Ministan ilimi na lokacin ya ambaci Nijar a cikin ƙasashen da binciken zai shafa. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma wanda ya yi shekara huɗu yana haddar Muhtasar ya shiga layi ɗaya da wanda ya sayi digiri cikin mako shida.

Wannan ƙunci yana da sakamakon da ya kamata masu nazarin al'ummar Hausawa su lura da shi. Idan ƙofar kusa ta yi nauyi, ɗalibi na nesa yake nufa, musamman inda ake ba da tallafi. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya. Azhar tana da tsohon tarihi da mutanen wannan yanki. Jami'ar Afirka da ke Khartum ta yaye Hausawa masu yawa kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka kwaso ɗaliban Nijeriya ta kan iyakar Masar. Babu aibi a tafiya nesa, kuma manyan malamai sun fito ta wannan hanya. Sheikh Abubakar Gumi kansa ya yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, bayan ya fito daga makarantar Shari'a ta Kano da aka kafa a 1934. Amma abin mamaki ne a ce ya fi sauƙi ga ɗan Madarunfa ya samu gurbi a Hijaz fiye da ya samu a Katsina, garin Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani da hasumiyar Gobarau. Wanda ya yi karatu a nesa yakan dawo da ilimi mai yawa, ya kuma dawo da muhawarorin can. Fiƙihun da ya san rikicin gona da burtali, da gadon da ya ratsa ƙasa biyu, da auren da aka ɗaura a Jibiya aka tare a Gabi, a nan kusa ake koyonsa, a gaban malaman da suke rayuwa a cikin waɗannan matsaloli.

Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. Kiristocin Maraɗi da Tibiri, waɗanda cocinsu ta samo asali daga aikin mishan na SIM kamar yadda Barbara Cooper ta bayyana a littafinta na 2006, da Hausa suke ibada, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. Manyan kwalejojin tauhidin Kirista na Arewa, irin ta Bukuru da aka buɗe a 1959 da ta ECWA a Jos, da Turanci suke ba da digiri. Mai neman zama fasto daga Maraɗi yana cin karo da katangar da ta tare mai neman zama alƙali daga Ɗan Isa.

Akwai hujjoji masu nauyi a hannun waɗanda suke ganin a bar abin yadda yake, kuma rashin adalci ne a yi kamar babu su. Na farko tsaro. Jibiya tana cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba, ƙauyuka sun watse, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, kuma makamai suna bin hanyoyin da mutane suke bi. Wanda ya ce a sassauta wa baƙi a irin wannan yanayi dole a tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa. Amsar ita ce, mai ɗauke da bindiga ba ya cike takardar neman gurbi, ba ya kuma bi ta Magama. Ɗalibin da jami'a ta yi wa rajista, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ta san malaminsa da mai tsaya masa, ya fi kowane mai tsallaka iyaka zama sananne ga hukuma. Dubban almajirai suna ketare wannan layi zuwa tsangayu ba tare da an rubuta sunan ko ɗaya ba. Tsarin da ake da shi yana tsaurara wa wanda ya zo da takarda ne kawai.

Hujja ta biyu ita ce takardun bogi, kuma ita ma gaskiya ce. Sai dai a cikin dukkan fannonin jami'a babu wanda ya fi ilimin addini sauƙin gane mai ƙarya. Ana iya sayen satifiket, amma ba a sayen karatun Larabci marar wasali a gaban malamai uku. Jarrabawar baka da ta rubutu, wadda sashen da kansa zai shirya, za ta tace masu nema fiye da hatimin kowane ofishi, kuma ba komai ba ce illa tsohuwar hanyar zaure da aka sa wa lamba da maki. Hujja ta uku, cewa guraben ba su ishi 'yan ƙasa ba balle baƙi, ta fi ƙarfi a likitanci da lauya. Sassan Larabci da Hausa ba su ne ake turereniya a ƙofarsu ba, kuma gurabe ƙididdigaggu a kowace shekara ba za su hana ɗan Katsina wurinsa ba.

Siyasa ta ƙara wa lamarin gaggawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, kuma a ƙarƙashin wannan inuwa ɗalibai da yawa suka yi ta kai da kawowa. Amma an rufe iyakar Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Sannan ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Digiri shekara huɗu ne. Ɗalibin da ya shiga a 2019 ya ga iyaka a rufe a mafi yawan zangunan karatunsa. Matsayin da ya dogara da yanayin dangantakar Abuja da Yamai ba matsayi ba ne da uba zai sayar da sa ya zuba kuɗinsa a kai. Ga shi kuma ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma zai ratsa ta Jibiya. An yi wa buhun siminti da na albasa tanadin hanya, ba a yi wa ɗalibi ba.

Abin da ake nema bai kai girman yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba. Majalisar dattawan kowace jami'a tana da ikon tsara shirin share fage da sharuɗɗansa, kuma hukumar gudanarwa tana da ikon yanka kuɗin makaranta. Jami'o'in Katsina za su iya ware rukuni na uku tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, wato ɗalibin maƙwabtaka, wanda ya fito daga jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A bayyana a rubuce, sau ɗaya, matsayin Bakaloriyar Faranko-Arab a ma'aunin shiga, domin kada kowane ɗalibi ya riƙa fara shari'arsa daga tushe. A ba shi shekarar share fage ta Turanci, a yanka masa kuɗi kusa da na ɗan wata jiha, a kuma karɓi shaidar malamin zaure a matsayin ƙarin hujja bayan jarrabawa. Inda dokar JAMB ta tsaya a hanya, jami'o'in ne za su kai mata buƙatar da hujjojinta, domin hukumar ba za ta ƙirƙiro mafita ga matsalar da ba a kai gabanta ba. Irin wannan fahimta da Jami'ar Sayi da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai za ta sauƙaƙa wa ɗan Gangara dawowarsa, tunda jami'ar da ta san manhajar takwararta tana iya tsaya wa ɗalibinta a gaban ma'aikata.

A nan ne nauyin ya faɗo a kan malaman Hausa. A Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da gwamnatin da ta yi wannan, matakin ya buɗe wata dama: harshen da ɗalibin Ɗan Isa da malaminsa na Katsina suka yi tarayya a kansa yanzu yana da matsayi a dokar ƙasarsa. Shekarar share fage ba za ta yiwu ba sai da Hausa a matsayin gada tsakanin Larabcin da ɗalibi ya zo da shi da Turancin da zai koya, kuma wannan yana buƙatar littattafai da daidaitattun kalmomin fannu na usulu da mustalahul hadisi da hanyoyin bincike. Hausar tafsiri da ta fassarar zaure ta daɗe da tanadar mafi yawansu. Abin da ya rage shi ne tattarawa da tacewa. Akwai kuma saɓanin rubutu da ba a gama kashewa ba tun taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, har yau ɗalibin Nijar yana rubuta ƴ inda na Nijeriya yake rubuta 'y. Ƙaramin abu ne, amma malamin da bai san da shi ba zai ja jan biro a ƙarƙashin kalmar da ba kuskure ba ce.

Sashen Hausa da na Larabci da na Faransanci suna zaune a tsangaya ɗaya a jami'ar jihar, kuma a tsakaninsu akwai duk wanda ake buƙata domin karanta takardar Bakaloriya, da jarraba mai ita, da koyar da shi. Zama ɗaya na shugabannin waɗannan sassa zai iya fitar da daftarin da za a kai gaban majalisar dattawa kafin a buɗe rajistar shekara mai zuwa.